Yadda Ake Zaɓen Rigar Iska Ta Farko Ga Mai Koyon Nutso A Jidda

Da zarar mutum ya kammala kwas ɗin farko na nutso a Abhur, gaɓar tekun da ke arewacin Jidda, ya karɓi katinsa na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar koyon nutso, sai kwaɗayin mallakar kayan kansa ya taso masa. Tabarau na ruwa da takalman ninƙaya ba su da wahalar zaɓe. Inda 'yan'uwanmu Hausawan Jidda da Makka suka fi zubar da riyal a banza shi ne wajen rigar iska, wadda masu koyarwa ke kira BCD. Wani ya sayi wadda ta fi ƙarfin jikinsa don ya ga an yi ragi, wani ya sayi irin ta kaftin ɗinsa, wato mai koyar da shi, ba tare da ya taɓa sa ta a ruwa ba. Na daɗe ina raka masu koyo shago, ina kuma shiga ruwa da su bayan sun saya, don haka ga yadda nake bi da su.

Aikin rigar uku ne. Tana riƙe silinda, wato tulun iskar da kake shaƙa, a bayanka, tana ɗaga ka a saman ruwa, kuma a ƙarƙashin ruwa tana ba ka damar tsayawa cak, ba ka nitsewa ba ka tasowa. A cikinta akwai jakar iska. Ka ƙara iska ka yi sama, ka rage ka yi ƙasa. Abin da ya kamata ka riƙe daga karatun aji shi ne, iskar da ke cikin jakar tana matsewa da zurfi: a mita 10 girmanta ya koma rabi, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku. In kana tasowa kuma tana kumbura. Shi ya sa fitar da iska da sauri ya fi zuba ta muhimmanci, kuma za ka ga yawancin gwajin da zan sa ka yi a kan haka yake.

Kada ka ɗauke ta a matsayin rigar ceto. Masu ƙera ta da kansu suna rubuta cewa ba ta da tabbacin juya fuskar wanda ya suma zuwa sama.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka je shago

Rigar robar da kake nutso da ita, ko aƙalla irin kaurinta. A Jidda ruwa yana kaiwa wajen digiri 25 da sanyi, ya haura 30 da zafi, don haka yawancinmu mai kaurin milimita 3 muke sawa, wasu ma riga mai santsi kawai da bazara. Sai tef na awo irin na tela, da littafinka na nutso inda ka rubuta yawan dalmar da kake ɗauka don ta ƙara maka nauyi ka nitse. In kana da na'urar shaƙar iska taka, ka tafi da ita saboda a gwada tiyonta. Ka nemi shagon ya ba ka silinda cikakkiya da 'yan gutattsarin dalma na gwaji. Sannan ka tafi da wanda ya riga ka a harkar, don kai ba za ka ga bayanka ba.

In ba ka da rigar roba tukuna, ka ari ta shagon. Gwada rigar iska a kan jallabiya ko singileti ba ya nuna komai.

1. Yi haya kafin ka saya

Kada ka sayi komai a makon da ka gama kwas. Ka ci gaba da haya na ɗan lokaci, kuma da gangan ka riƙa canza iri da kamfani. Duk cibiyar nutso tana da nata, wata Scubapro, wata Mares, wata Cressi ko Aqualung. Bayan kowace fita ka rubuta a littafinka suna da lambar girman rigar, da abin da ya dame ka: ta haura wuya, ta matse ciki, aljihun bai buɗuwa, silinda tana rawa. Wannan rubutun ya fi duk wata shawarar mai shago amfani, domin daga jikinka ya fito.

2. Zaɓi tsarin jakar iska

Iri uku za ka tarar. Na farko shi ne mai kama da falmaran, wanda iskarsa ke zagaye baya da gefen haƙarƙari har gaba. Shi aka fi koyarwa da shi. A saman ruwa yana zaunar da kai tsaye, kai a sama, abin da ke kwantar da hankalin sabon shiga in igiyar ruwa ta tashi yana jiran jirgi ya zo ɗaukarsa. Illarsa, in ya cika yana matse ƙirji da ciki, kuma a ƙasa yana son miƙar da kai tsaye maimakon kwance.

Na biyu, jakar gaba ɗaya a baya take. Gabanka babu komai sai maɗaurai, numfashi ba takura, kuma kwanciya a ruwa tana zuwa da sauƙi, wanda shi ake so a kan murjani don kada ƙafa ta riƙa dukansa. Ƙorafin da ake yi a kansa shi ne yana tura fuska ruwa a sama. Gaskiya ne in ka cika shi tam. Ka zuba iska daidai yadda kanka zai fito, ka jingina baya, ka mayar da 'yar dalma aljihun baya, matsalar ta kau.

Na uku faranti ne na ƙarfe ko alminiyam, da ɗamara, da jakar da ake ɗaurawa daban. Kowane sashe ana canza shi shi kaɗai, yana daɗewa ƙwarai, kuma masu nutso mai zurfi shi suke amfani da shi. Amma saitinsa na farko sai da gwani a kusa.

Ra'ayina: in har yanzu gabanka na faɗuwa a saman ruwa, ɗauki falmaran, babu abin kunya a ciki. In ka riga ka saki jiki, kuma kana da niyyar ci gaba har Yanbu da tsibiran da ake zuwa daga Al-Lis, mai jaka a baya zai fi daɗewa yana yi maka daɗi.

3. Duba ƙarfin ɗagawa

A jikin kowace riga akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta nauyin da za ta iya ɗagawa, da kilo, ko fam, ko harafin N. Fam 30 wajen kilo 13 da rabi ne, N 10 kuma wajen kilo 1. A can ne kuma za ka ga alamar CE da lambar EN 1809, ma'aunin Turai na irin waɗannan riguna.

Lissafin ba shi da yawa. Silindar alminiyam mai lita 11 da ake bayarwa a yawancin jiragen nan tana ɗauke da iskar da nauyinta ya kai wajen kilo 2 da rabi in ta cika. Rigar roba tana matsewa a zurfi ta rage ɗaga ka. Sannan dole rigar ta iya tsayar da kanta a saman ruwa da silinda da dalmar da ke aljihunta, saboda akwai ranar da za ka cire ta a ruwa kafin ka hau ƙaramin jirgi. Ga mai silinda ɗaya a Bahar Maliya, ƙarfin kilo 13 zuwa 18 ya wadatar. Babbar jaka ba ƙarin tsaro ba ce. Iska tana yawo a cikinta, tana maƙalewa a lungu, tana kuma jan ruwa.

4. Gwada girma, kuma kada ka yi gaggawa

Nan ne aikin yake. Harafin M ko L na wani kamfani ba ɗaya yake da na wani ba, don haka ka auna ƙirji da ƙugu da tef, ka duba jadawalin kamfanin, sannan ka ɗauki biyu mafi kusa.

Sa rigar robarka. Ka ce a ɗaura silinda a jikin rigar iskar, don babu silinda kowace riga daɗi gare ta. Sassauta duk maɗaurai, ka sa ta, ka fara ɗaure ɗamarar ciki, sai bokul na ƙugu, sai ka ja na kafaɗu, na ƙirji a ƙarshe kuma ba da ƙarfi ba. Ɗamarar ciki ta hau kan 'yar'uwarta da aƙalla faɗin tafin hannu. In bakinta kawai ya taɓa, rigar ta yi kaɗan. In ta zagaye har ta ƙure, ta yi yawa. Maɗauran kafaɗa su ma ya zama akwai sauran ja da sauran saki, domin da sanyi za ka iya ƙara kauri, kuma jiki yana canzawa, ko bayan azumi ma za ka ga bambanci.

Yanzu abokin tafiyarka ya tsaya a bayanka ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama da ƙarfi. Abin da ruwa zai yi mata ke nan in ta cika. In kafaɗun suka taso har kunne, ko bokul ɗin ƙirji ya zo maƙogwaro, ajiye ta. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: mutum a saman ruwa, rigar tana sama shi yana rataye a ƙasanta, haɓarsa cikin ruwa, yana ta ƙara iska yana ƙara shaƙewa. Mu da muka saba da tufafi masu yalwa sai mu ga kamar mai ɗan faɗi ta fi, amma wannan kamar takalmi take, in ta yi yawa wahala ce.

Sai ka cika ta da iska har bawul ɗin tsaro, mai fitar da iskar da ta yi yawa, ya yi fiit ya saki. Ja dogon numfashi. In ba ka iya cika ƙirjinka ba, ta matse. Ɗaga hannaye sama, haɗa su a gaba, sunkuya kamar za ka sa takalmin ninƙaya, juya hagu da dama ka ji ko silinda tana lilo. Ɗaga kai sama ka ji ko ƙeyarka na bugun kan silinda. Miƙa hannun dama ta bayan wuya ka ga ko za ka taɓa marufin silindar. Ka zauna da ita a jiki na wasu mintoci, kana tafiya cikin shagon. Ƙarfen da zai ci maka kafaɗa ba ya nuna kansa a minti na farko.

'Yar'uwa, ke kuma ki tambayi wadda aka yanka don mata. Bayanta ya fi gajarta, maɗauran kafaɗa sun kauce wa ƙirji, nauyin kuma yana sauka a ƙugu. Ki gwada ta a kan cikakkun kayan da za ki shiga ruwa da su, har da hular kai, ki tabbatar babu yadin da zai shiga bokul ko ya rufe igiyar bawul. In shagon ba shi da wurin gwaji da ya dace, akwai mata masu koyar da nutso a Jidda, ki nemi ɗaya ta raka ki ko ta ara miki tata.

In girmanka ya faɗa tsakanin biyu, ɗauki ƙaramar muddin numfashi bai takura ba. In babu wadda ta zauna, canza kamfani, ko ka koma tsarin faranti, wanda ake yanka ɗamararsa daidai mutum.

5. Maɓallai da bawul

Tiyon da ke saukowa ta kafaɗar hagu yana da maɓalli biyu, na zubawa da na fitarwa, da bakin hurawa. Rufe ido ka lalubo su. Dole yatsanka ya bambance su ba tare da kallo ba. Danna na zubawa sau da yawa a gajarce: ya amsa nan take, ya tsaya nan take. Hura da baki ka ji ko da sauƙi. Tsawon tiyon ya isa bakinka, ya kuma ɗagu sama da kai.

Ƙirga bawul na fitar da iska. Ina son aƙalla ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙasan baya. Na ƙasan shi zai cece ka ranar da ƙafafunka suka yi sama kanka ya yi ƙasa, domin iska kullum wuri mafi tsayi take tafiya, kuma a wannan hali tiyon kafaɗa ba abin da zai fitar. Lalubo igiyar kowanne da ido a rufe, ka ja.

Ka kuma gwada cire tiyon silinda, wato wanda ke kawo iska zuwa maɓallin zubawa, daga jikin maɓallin yayin da iska ke ciki. Maɓallin zubawa yana iya maƙalewa saboda gishiri ko yashi, rigar ta riƙa cika da kanta tana jan ka sama. Maganinsa cire tiyon da fitar da iska a lokaci guda. In bakin tiyon ya yi wa yatsunka ƙanƙanta, akwai 'yar roba mai fiffike da ake sa masa don ya kamu. Wasu riguna kuma maɓallinsu haɗe yake da bakin shaƙa na gaggawa, kuma bakin tiyonsu daban ne, ba ya shiga na haya. Ga mai farawa, na gama-gari ya fi.

6. Inda dalma za ta zauna

Yawancin rigunan yanzu suna da aljihun dalma guda biyu a gaba da ake zarewa da ja ɗaya. Sun fi bel daɗi, musamman ga wanda ba shi da ƙugun da zai riƙe bel. Zuba dalma a ciki, ka tura har ka ji ƙas, sannan ka sunkuya ka girgiza. Kada ya faɗo da kansa, kada kuma ya ƙi fita in ka ja da hannu ɗaya. Faɗuwar aljihu a mita 18 na nufin tasowa ba shiri. Gwada mayar da shi kana sanye da rigar, don wasu sai an taimaka maka. Na fi yarda da mai bokul a kan mai mannewa kawai, saboda mannewar tana sanyi da tsufa.

Ƙananan aljihun baya, kusa da silinda, na daidaita kwanciya ne, kuma ba sa zaruwa a gaggauce. Kilo ɗaya a kowane gefe ya isa, mafi yawan dalmar ta kasance inda za ka iya yar da ita. Suna da amfani a nan, domin silindar alminiyam in ta kusa ƙarewa tana ɗaga bayanka da wajen kilo 2.

In rigar da ta zauna maka ba ta da aljihun dalma, saye ta ka haɗa da bel. Ba aibi ba ne.

7. Sauran ƙananan abubuwa

Aljihu ɗaya mai zif da hannunka ke kaiwa, da zobba uku ko huɗu na rataye gejin da ke nuna sauran iskar silinda, bakin shaƙa na biyu da balan-balan na alama, sun isa. Yadi mai lambar kauri 1000 ya fi mai 420 jure gogayya, amma ya fi nauyi. Rigunan tafiya marasa nauyi suna da daɗi ga mai hawa jirgin sama da jakar kilo 23, sai dai in nutsonka daga gaɓar Abhur ne, kana tafiya da silinda a baya har bakin tsani, mai tauri da katifa a baya za ta fi tausaya maka. Tambayi mai shago ko ana samun kayan gyaran wannan kamfanin a Jidda. In sai an yi odar bawul daga waje, bar ta.

8. Kai ta ruwa

In shagon na da ta gwaji irinta, shiga masbah, wato kwamin ninƙaya, da ita kafin ka biya. In babu, to fitarka ta farko da sabuwar ta kasance a masbah ko wuri marar zurfi tare da kaftin. Jiƙa ɗamarar silinda kafin ka ɗaure, domin busasshiya tana saki in ta sha ruwa, silinda ta zame.

Sake auna dalmarka daga farko. Fitar da iskar rigar duka, riƙe numfashi na daidai, ya zama ruwa ya tsaya maka a ido, in ka saki numfashi ka nitse a hankali. In da cikakkiyar silinda ka yi gwajin, ƙara wajen kilo 2. Awon masbah kuma ba zai yi maka a teku ba. Bahar Maliya tana da gishiri wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, don haka tana ɗaga mutum fiye da sauran. Gwaji na gaskiya shi ne ƙarshen nutso: geji na nuna iska saura bar 50, kana tsayawar minti 3 da ake yi a mita 5 kafin a fito, rigar kusan babu iska, kana tsaye ba wutsil-wutsil. Wanda ya yi lodin dalma dole ya yi ta cika jaka, iskar ta yi ta kumbura da matsewa, shi kuma ya yi ta sama da ƙasa yana zargin rigar. Babu rigar da za ta gyara wannan komai tsadarta.

9. In kuɗi bai kai sabuwa ba

Ana samun na hannu a shafin saye da sayarwa na Haraj da wajen baƙin ma'aikata masu barin ƙasar, wasu ma ba su sha ruwa sosai ba. Kada ka tura kuɗi kan hoto. Hura ta tam, ka ajiye rabin sa'a, in da hali ta kwana. In ta yi laushi tana yoyo. Tsoma ta a baho ka nemi kumfa a ɗinki da gindin bawul. Lanƙwasa tiyon kafaɗa ka duba tsagewa a cikin ninkinsa. Girgiza ta kusa da kunne: in ka ji kamar yashi, gishiri ne ya daskare a ciki, kuma yana yanka jakar. Kwance murfin bawul ɗaya ka leƙa, ka shinshina. Launin da ya koɗe da robar da ta yi fari alamar ta sha rana ne. Bawul da maɓalli ana canza su da araha, amma jakar da ɗinkinta ya buɗe sau da yawa ba ta gyaruwa. Ko ta ci duk gwajin, kai ta wurin mai gyara ya duba kafin ka shiga teku da ita, ka sa kuɗin wannan a lissafinka.

10. Biya, sannan ka koyi wanke ta

Tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100, ko tiyon silinda na cikin kwalin, da tsawon garanti. Adana rasit.

Bayan kowace fita, wanke waje da ruwan daɗi, kana danna maɓallai da jan igiyoyi. Sannan ka danna maɓallin fitarwa ka ɗura ruwa ta bakin hurawa har wajen kashi ɗaya cikin uku na jakar, ka hura iska, ka jujjuya ta, ka kifa ta ruwan ya fita ta tiyo da bawul na ƙasa. Maimaita har ɗanɗanon gishiri ya tafi. Bar 'yar iska a ciki don kada jakar ta manne, ka rataye ta a inuwa, aljihun dalma a waje. Kada ka bar ta a but ɗin mota, zafin Jidda yana cin roba da gam. Sau ɗaya a shekara a buɗe maɓallin a duba shi, ko da ba ka ga wata matsala ba.